Ƙofar Ruwa ta Uku

Daga bakin tafki, tsakiyar damina

Taubashina Sarkin Siminti,

Assalamu alaikum. Ga gaisuwa, ko da yake ba ka cancance ta ba, tunda rabonka da rubuto mana tun kafin saukar ruwan fari. Ina fatan kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara, da wannan katangar da kake tare kogin mutane da ita. Mu ma lafiya. Inna, goggonka, gwiwa ta hana ta sauka daga bene, amma bakinta garau yake. Ƙaninka Tela ya ƙara ƙiba, ya kuma ƙara keken ɗinki a shago.

To gyara zama. Tafki ya dawo.

Kada ka ce mini ka ji a rediyo. Rediyo bai ga abin da na gani ba. Filin nan da kuke buga ƙwallo kuna yara, inda ka karya haƙori, yau kifi ke wasa a cikinsa. Gonakin da aka yi a cikin tafkin duk sun nutse. Ƙarfen sabis ɗin waya da wasu masu hikima suka kafa a tsakiyar busasshen tafki, injinsa ya sha ruwa ya mutu. Shi ya sa ka ga takarda maimakon kira, kuma na ji daɗin haka, don a takarda ba ka iya katse ni. Turakun iyaka da muke zuwa mu taɓa mu ce mun je ƙasar waje, ruwa ya rufe su ruf. 'Yan kwastan suna tsaye a gaɓa kusa da motarsu, kwale-kwale na wucewa ta gabansu shaƙe da kaya, masu tuƙi na ɗaga musu hannu.

Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina don murna. Na tsufa a laburaren garin nan ina karanta tarihin wani gari na bakin ruwa, in leƙa taga in ga awaki. Ka tuna muna cewa maginan da ba su da hankali, sun juya wa titi baya, sun yi wa gidaje ado ta wajen bola? Ashe mu ne muke shiga gidajenmu ta ƙeya. Fuskar garin nan tafki take kallo. Shekaranjiya na shiga kwale-kwalen wani masunci na sa ya zagaya da ni, sai ga gari a gabana kamar ban taɓa ganinsa ba.

Ga tsohon gidan kwastan na baƙin dutse. Waɗanda suka fara riƙe garin ne suka gina shi, mutane masu tsoro, duk gininsu bango mai kauri ne da 'yan tagogin leƙe. Da aka sake jan iyaka gari ya faɗa hannun na ƙetare, su kuma masu son a gan su ne, suka zo da jan bulo da baranda da hasumiyar agogon nan mai fuska biyu, ɗaya lokacinmu ɗaya nasu, yau duka biyun a tsaye suke. Da aka ƙara jan iyakar gari ya dawo, kowa ya tafi ya bar nasa. Kakanmu kuwa ya saci dabarar kowa: ƙasa baƙin dutse, sama jan bulo da baranda. Daga cikin ruwa gidanmu ya fi duk na layin kyau, kuma ba don namu ba ne na faɗa.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ka san ƙofofin nan uku manya na wajen tafki, masu lanƙwasa a sama kamar baka, waɗanda Kawu babanka, Allah ya jiƙansa, ya toshe da bulo da ruwa ya ja, ya mai da ƙasan gidan shago. An ce mana na shigar da kwale-kwale ne, don Kaka ya sauke kayansa a ƙarƙashin gida ba tare da ya tashi 'yan kwastan daga barci ba. Haka ne, amma ba shi ke nan ba. Na duba ƙananan gidajen layin, na waɗanda ba su taɓa mallakar jirgi ba. Su ma suna da ƙofofin, 'yan mitsi-mitsi, ko akuya sai ta durƙusa. Me za su shigar ta nan? Na duba gidan kwastan, wanda ba a taɓa toshe nasa ba. Ruwa ya shiga ya kwanta, igiyar ruwa ta shiga ta mutu a ciki, ginin ko gezau. Na dawo na ɗaga kai a shagon Tela. Ƙugiyoyin rataye kaya duk a rufi suke, kuma babu katako ko ɗaya a ginin asali ƙasa da tsayin mutum. Ƙasan gidan nan ba namu ba ne, na tafki ne. An gina shi ne don ruwa ya shiga. In aka hana shi shiga, turawa zai yi, ga Inna a sama.

Ruwa ya kama matakalar ƙasa, kullum hawa yake. Ina so a fasa bulon a buɗe ƙofofin kafin ya iso. Tela ya ce ko allura ba zai ɗaga ba sai da maganarka, kai ne babban wa. Gidan kakana ne, uwata ke ciki, amma da yake ta wajen mace na fito, sai na nemi izinin wanda na share wa majina. Ka rubuto da sauri, ka ba direban kamfaninku mai wucewa ta nan.

Taubashiyarka kuma uwargijiyarka


Daga madatsar ruwa

Malama Tsiwa,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ina buɗe ta na ji muryarki, har abokin aikina ya ce in rage ƙara. Iyali suna gaishe ki. Ki gaishe mini da Goggo, ki ce maganin shafawa na gwiwa yana cikin kwalin da direba zai ba ki.

Na karanta sau biyu. Rubutu ya yi daɗi, har na ji kewar gida, wurin 'yan kwastan kuma na yi dariya. Amma na gane inda kika dosa. Tun muna yara kike son gidan nan ya zama na kallo, a ɗaura igiya a ƙofa, baƙi su zo kina nuna musu bango da 'yar sanda. Yanzu tafki ya ba ki dalili. Tela yana da iyali, yana da masu ci a ƙarƙashinsa. Ba zan ce ya kwashe kekunansa don kifi ya samu ɗakin kwana ba.

Ruwa tare shi ake yi, wannan shi ne aikina tun gashina yana baƙi. Na haɗo da zane. A ƙara layin bulo a bayan na Baba, a zuba kankare da rodi a tsakani, a shafe da siminti mai hana ruwa, a jera buhunan yashi ta waje. Na rubuta wa Tela ma. Irin wannan tafki na san shi, zai yi ɗokinsa na damina ɗaya ya koma inda ya fito, a bar ki da ramuka uku a jikin gida.

Ki bar wa magina gini, ki riƙe littafi. Haƙori kuma ba ƙwallo ce ta karya mini shi ba, ke kika jefe ni da dutse, kowa ya sani.

Bawan Allah, ba bawanki ba


Daga bakin tafki

Sarkin Siminti,

Salama, don addini ya ce a yi. Muna lafiya. Inna ta gode da magani, ta ce yana da ƙamshi, gwiwa kuma tana nan yadda ka san ta.

Ka ce sau biyu ka karanta takardata. Da wane ido? Na rubuta maka dutse da ƙugiya da igiyar ruwa, kai ka karanta baƙi da 'yar sanda. A ina na ce a kori Tela? Nuna mini layin. Na ce gida zai faɗi a kan uwata, kai ka ji wai wurin lacca nake nema. Da wani mai hular kwano ne ya rubuto maka wannan maganar, da ka kira ta bincike ka sa masa hannu a ƙasa.

Tela ya karɓi takardar da ka rubuto mini ya karanta a bakin titi da ƙarfi. Wurin "ki riƙe littafi" sai da ya maimaita, masu shan shayi suka yi dariyarsu. To an yi yadda ka ce, iyakar abin da lokaci ya bari. An kawo yashi, an kawo siminti, an jera buhuna kamar za a yi yaƙi. Ruwa ya zo ya tsaya a gaban buhunan ya gaishe su da ladabi, sannan ya bi ta ƙasa. Tela na cikin yanka yadi ya ji sanyi a tafin ƙafa. Daɓen shagon ne ke gumi. Daga gumi ya koma tsattsafo, kafin la'asar daɓen ya kumbura ya dare kamar burodi. Kai da kake tare kogi, ba wanda ya gaya maka ruwa yana da hanyar ƙasa? Da muka ɗaga ɓallin simintin, tsakuwa muka tarar. Kaka bai yi wa wurin daɓe ba, don ya san da wa yake zaune.

Mai gidan burodi na kusa da mu ya fi kowa biyayya ga irin iliminka. Ya toshe nasa tsaf, ƙasa da sama, ko iska ba ta shiga. Yanzu ruwa ta waje ya kai ƙugu, ciki a bushe, bangonsa ya yi ciki kamar mai shirin haihuwa. Namu kuwa, in iska ta taso da yamma igiyar ruwa ta bugi bulon, sai gidan gaba ɗaya ya amsa, kofuna su yi ta kaɗawa a kan tire. A ɗakin Inna abin ya fi yawa, wanda Kawu ya ɗora daga baya a kan ƙofa ta uku. Ƙyauren ɗakin ma ya fara cijewa, sai an sa kafaɗa.

Kada ka ɗauka fushi ya hana ni kallo. Jirgin fito ya dawo aiki, wani tsohon injin mota aka ɗaura masa, yana tari yana tafiya. Tsofaffin da muka ɗauka sun gama magana a duniya sun fito bakin ruwa suna musu, wannan ya ce nan ne mashaya, wancan ya ce ƙarya ne, can ne. Zobban ƙarfen nan na jikin bango da muke lilo da su, jiya na ga an ɗaure kwale-kwale a ɗaya. Na tsaya ina kallon igiyar kamar wata sakara, har mai jirgin ya tambaye ni ko lafiya.

Na hau na gaya wa Inna abin da na rubuta maka, na karanta mata taka takardar. Ta sa aka kira Tela. Ta ce tana yarinya a kan ruwa take barci, tana jin sa yana shiga yana fita a ƙarƙashin gida, kuma gidan bai taɓa rawa ba sai yanzu da aka rufe wa ruwa ƙofa. Tela ya fara cewa ai Yaya ya ce, ta katse shi.

"Yayanka ɗan ƙanena ne. Ni 'yar mai gidan ce. A buɗe."

Na yi magana da magini, da ya gama aikin da ke hannunsa zai zo da guduma. Za mu fara da ta wajen gidan kwastan, mu ƙare da wadda ke ƙarƙashin ɗakin Inna, don can Tela ya tara kekunansa inda daɓen bai fashe ba, ya samu lokacin kwashewa. Wannan karon ba izini nake nema ba, labari nake ba ka.

Dutsen kuwa, da na san abin da za ka zama, da na ɗauki babba.

Wadda ta riƙe littafi


Daga madatsar ruwa

Yaya,

Salamu alaikum. Muna lafiya, Allah ya sa ku ma haka. Ba lokacin tsokana, direba yana jira da mota a kunne, an ce hanya ta fara lalacewa.

Kin yi gaskiya. Bangon da ke da ruwa gaba da baya ba abin da ke tura shi, mai ruwa gefe ɗaya shi ke faɗuwa. Wannan nake koya wa sababbin ma'aikata, amma ban taɓa kawo gidanmu a ciki ba, don a idona shago ne. Ki buɗe ta farko da ta biyu.

Amma kada a taɓa ta uku. Ki sake karanta wannan layin.

Kina makarantar kwana lokacin, ba ki gani ba. Kafin shagon ɗinki, injin niƙa Baba ya fara sawa a wurin. Injin ya ƙi shiga, sai ya sa aka sassare saman ƙofa ta uku aka cire duwatsun tsakiyar bakan, ina tsaye ina kallo. Da injin ya shiga aka cike gurbin da bulo aka shafe, ba mai ganewa. Bayan shekaru ya ɗora ɗakin Goggo a kai, da daɓen kankare mai nauyi. A sauran biyun, baka ne ke ɗauke da gida, bulon cikinsu labule ne kawai. Ta uku ba ta da baka. Bulon da kike shirin fasawa shi ne ke ɗauke da gadon Goggo. Cijewar ƙyauren nan da kika faɗa a wuce, ita ta hana ni cin abinci.

Ba sai an fasa ta ba ma. Akwai 'yar ƙofa ta ciki tsakanin ɗaki na biyu da na uku. A buɗe ta, ruwa zai zagaya ya tsaya a bayan bulon daidai da na waje, turi ya ƙare. A fitar da Goggo daga ɗakin ranar da wannan ta same ki, ko tana zagi. Na nemi hutu, zan zo da ƙarafan tokara.

In na zo ki zage ni yadda kike so. Kada a taɓa ta uku.

Ƙaninki


Daga bakin tafki

Sarkin Siminti,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, tunda ba ka ga dama ka gaya mana ba. Mu lafiya ƙalau, Inna har abinci ta ƙara.

Na san wannan shirun. Tun kana yaro in an ci ka a wasa sai ka shige bayan ƙyaure ka kumbura. An ce wata gada ta yanke, manyan motoci sun yi layi, amma ko hanya lafiya take na san ba za ka rubuto ba. Wannan takardar kuwa mai jirgin fito zan ba ya jefa a gidan waya na ƙetare. Ka ga amfanin iyaka, takarda za ta fita ƙasar waje ta zagayo ta same ka a inda kake kumburinka.

Mun buɗe biyu. Da ma kana nan.

Magini ya zo a kwale-kwale, ya tsaya a ciki da guduma, wani na riƙe masa jirgin a jikin zobe. Ni ina ciki a kan matakalar shago, na tattare zani. Bugu, bugu, sai bulon sama ya faɗo, haske ya shigo ta wurin kamar an zare wuƙa. Da ya kai ƙasa ruwa bai ma yi hayaniya ba. Shigowa ya yi a hankali, ya bi kusurwa-kusurwa kamar mai gida ya dawo daga tafiya yana duba kayansa, sannan ya kwanta. Hasken rana ya faɗa kansa ya tashi ya kama rufin, sai ga rufin gaba ɗaya yana rawa da haske. Na karanta littattafai da yawa a kan garin nan, ba wanda ya faɗi wannan.

Da filastar ta zube kuma bakan ya fito. Dutse baƙi, bulo ja, dutse baƙi, bulo ja, an jera su kamar haƙoran mataji, na tsakiya an sassaƙa masa kifi. Duk rayuwarmu muna wucewa ta gabansa an shafe masa fuska da siminti. Magini ya cusa hannu tsakanin bakan da inda bulon yake, ya ce Hajiya, wannan ai bai taɓa ɗaukar komai ba. Da yamma iska ta taso, na jera kofuna a kan tire da gangan na zauna ina jira. A wajenmu shiru. Inna ta ƙwanƙwasa ƙasa da sandarta ta ce ruwa ya shigo, tana jin muryarsa.

Mai gidan burodi ya zo da kansa, hula a hannu, yana roƙon aron magini. Yanzu in ka tsaya a baranda, duk layin bakin tafki ƙarar guduma ce, daga hasumiyar agogo har gidan kwastan. Gari na buɗe idanunsa ɗaya bayan ɗaya. Wasu ƙofofin masu kai uku ne, wasu masu tsini, ta gidan mai sayar da magani har da rubutu. Na rufe laburare na kwana biyu, duk mai son tarihi ya fito waje.

Saura ta uku, saura ƙaninka. Ya toshe 'yar ƙofar ciki da katako da buhunan yashinka, ya ɗora kekuna a kan benci, ya zauna a gaban bulon yana kwashe tsattsafo da bokiti. Na lallaɓa, na yi bayani, na yi zane a ƙasa. Ya ce an cinye masa biyu, wannan ɗaya nan zai mutu. Na ce ɗakin Inna har yanzu yana amsa bugun ruwa, shi kaɗai ya rage yana rawa a gidan. Ya ce Yaya bai ce a fasa ba. Na ce Yaya ya haɗiye harshensa. Na gaya masa wasu maganganu kuma da ba zan rubuta ba, don takarda za ta bi ta hannun baƙi.

Na gama shawara. Ranar Asabar da safe magini zai zo ta waje, ta cikin ruwa, inda ba wurin ajiye kujera. Na ce Inna ta dawo ɗakina kafin nan saboda ƙura, ta ce ba inda za ta je, a kan gadonta take so ta ji shigowarsa. Na bar ta. Ta jira wannan ranar fiye da kowa.

Uwargijiyarka, mai nasara


Daga bakin tafki

Ɗan Kawu,

Wa'alaikumus salam. Inna lafiya. Na fara da wannan don na san shi za ka nema, kuma na san halin da takardata ta baya ta sa ka in ta riga wannan isa. Kowa lafiya, gida yana tsaye.

Asabar magini ya zo kamar yadda na ce. Ina baranda a sama, Inna na kan gadonta ta sa an buɗe mata taga. Ya ɗaure jirgi, ya ɗaga guduma ya buga a kusurwar sama. Inna ta ce daga ciki, yau kuma har gado ya motsa. Na ce alamar nasara ce. Haka na ce, da bakina.

Kafin ya sake ɗagawa sai ga Tela. Ya fito ta titi, ya zagayo ta ƙofa ta biyu, ya shigo ruwa da rigarsa da tef ɗin awo a wuya. Mutumin da ko kwata ba ya tsallakewa sai an riƙe shi. Ruwa har ƙirji, ya je ya jingina bayansa da bulon ya buɗe hannuwa. Ya ce wa magini in zai fasa sai dai ya fara da shi.

Rabin gari ya taru a kwale-kwale. Ni ina sama ina zuba masa. Na kira shi buhu, na kira shi toshe na huɗu, na ce Kawu ya toshe ƙofa da bulo ya toshe zuriya da shi. Mutane na dariya, ni ina jin daɗin bakina. Shi ko yana tsaye, haƙoransa na kaɗawa don sanyi, leɓensa ya yi fari. Magini ya ce ba zai yi aiki a kan mutum ba. Na ce ya jira, ƙiba ba ta jure sanyi. Muka yi ta jira har rana ta take.

A nan direbanku ya iso. Ya bar motar a bakin karyayyiyar gada, ya yi tafiyar ƙafa, ya shiga jirgi, don ka ce masa hannu da hannu kuma kada ya kwana da ita in da hali. Allah ya saka wa mutumin nan. Na karɓa ina murmushi, na ce ga mai kumburi ya sauko. Da na ga "Yaya" a sama gabana ya faɗi, don ba ka taɓa kira na haka ba sai ranar da Kawu ya rasu.

Ban san yadda na sauka ba. Na tsinci kaina a cikin ruwa da zanina, na ɗaga takardar sama, na ce wa magini ya ajiye gudumar a cikin jirgi, a hankali. Na tsaya gaban Tela na karanta masa, a gaban duk waɗanda suka ji zagin. Da na kai "kada a taɓa ta uku" fuskarsa ta washe, ya waiwaya yana neman shaidu. Da na kai wurin gadon Goggo ya ɗaga kai ya dubi tagar da ke samansa. Da na kai wurin 'yar ƙofar ciki kuma ya gane shagon ya tafi ko ta yaya.

Ya sauke hannuwansa. Sannan ya ce, "Ni fa kekuna nake tsaro."

Na ce na sani.

Ya ce, "To matsa, ki ba ni hanya."

Shi ya hau ya goya Inna ya fito da ita, yana ɗigar ruwa, tana dukan kafaɗarsa tana cewa an hana ta abin da ta jira. Shi ya sa aka kwashe kekunan. Shi ya cire katako da buhunan da hannunsa, ya tsaya a matakala yana kallo har ruwa ya rufe wurin da teburin yankansa ya yi shekaru. Na bar shi ya yi kallonsa ba tsokana. Ka san ba ƙaramin aiki ba ne a wurina.

Fushina bai huce ba, kada ka yi murna. Ina fushi da Kawu da injinsa, Allah ya gafarta masa. Ina fushi da kai da ka san wannan tun kana yaro ka zauna a kai, sai da na yi maka ihu sau biyu ka tuna. Ina fushi da cewa duk karatuna, abin da ya tsaya tsakanin uwata da ruwa shi ne taurin kan Tela, wanda bai san ma abin da yake tarewa ba. Na je na ba shi haƙuri a gaban masu shan shayin nan, ya sa na maimaita, wai bai ji ba, ruwa ya shiga kunnensa.

Ga yadda muke yanzu. Inna na ɗakina a kan gadona. Tela da kekunansa suna ɗakin littattafaina, ni na ce ya hau, ba wanda ya roƙe ni. Daga safe zuwa magariba ƙarar keke ce, zare ya shiga ko'ina. Ni kuwa da na yi gaskiya, tabarma na shimfiɗa a baranda. Ƙafar keke ɗaya ta ƙi zama daidai, ya ce in ba shi abin da zai tokare ta. Na ba shi littafin nan naka na kankare da ka aiko mini da sa hannu. Kaurinsa daidai.

Ɗakin Inna a rufe yake, ba mai shiga. Bulon yana tsaye, ruwa a gabansa ruwa a bayansa, da tabon guduma ɗaya a kusurwa. Ina duba shi safe da yamma, ko tari ba na yi kusa da shi.

Ka yi sauri, ƙanena.

Yayarka